Murar da Ba Ta Jin Citta

A tsakiyar Disamba, wanda ya hau gadar Ƙofar Nasarawa da sassafe ba ya hango inda ta sauka. Rana na nan a sama fara fat kamar faifai, kana iya zuba mata ido ba ƙiftawa. Direban adaidaita ya naɗe fuska da hirami, ya kaɗe maka kujera da tsumma, kafin ku kai Bata wata ƙurar ta sake kwantawa a gwiwar wandonka. A irin wannan safiya nakan jera atishawa goma, wani lokaci sha biyu, ido na ruwa, ganɗa na ƙaiƙayi a inda ba dama a sosa. Fasinjan da ke gefena yakan yi "yarhamukallahu" sau uku ya haƙura, daga nan sai ya koma likita: "Malam, sanyi ne ya kama ka. Ka samu citta da kanumfari da masoro, ka matsa lemon tsami, ka zuba zuma. Kwana biyu ka manta da ita."

Na sha wannan haɗi shekara da shekaru, har gobe ma ina sha, don yana da daɗi kuma yana gasa maƙogwaro. Amma murar ba ta tafi a kwana biyu ba, ba ta tafi a kwana arba'in ba. Sai daga baya na fahimci cewa kalmar "mura" a bakinmu buhu ce da muka zuba abubuwa uku a ciki, kowanne da abin da yake ji.

Akwai murar ƙwayar bairos, wadda ake ɗauka daga wani. Takan fara da kaushin maƙogwaro da kasala, wani lokaci da ɗan zazzaɓi, majina ta fara ruwa-ruwa ta koma kauri, ta zaga gida daga yaro zuwa uwa zuwa maigida, cikin kwana bakwai zuwa goma ta yi sallama ko an sha magani ko ba a sha ba. Ita ce ta sa kowane haɗi ya yi suna, domin duk abin da ka sha a kwana na biyar shi za ka ce ya warkar da kai. Akwai kuma wahalar da busasshiyar iska da ƙura da hayaƙi ke ba hanci kai tsaye: ya bushe, ya yi tasono, ya toshe da dare, yara su riƙa haɓo. Wannan kowa na iya samu, ba sai mai wata lalura ba. Ta ukun ita ce tawa, wadda likitoci ke kira alaji (ba mai babbar riga ba), 'yar uwar borin jini da asma. Alamarta ƙaiƙayi: ido, hanci, ganɗa, har cikin kunne. Atishawa a jere, majina tsararo kamar ruwan famfo, babu zazzaɓi, ba ta yaɗuwa, ta yi makonni, ta tafi, baɗi war haka ta dawo. In ka bincika dangi sau da yawa za ka iske wata gwaggo mai asma ko kawun da ba ya shiga rumbu.

Yadda abin yake aiki kamar 'yan sintirin unguwa ne da suka taɓa ɗaukar wani bawan Allah a matsayin ɓarawo. Garkuwar jiki ta haɗu da abin da ba shi da illa, kamar garin furen ciyawa, sai ta yi kuskure ta rubuta shi a jerin abokan gaba. Ta ƙera masa wata alama ta musamman da ake kira IgE, ta raba wa wasu ƙwayoyin tsaro da ke zaune a fatar cikin hanci da ido. Duk ranar da baƙon ya sake biyowa, cikin mintuna waɗannan ƙwayoyi su fashe su zubo sinadarai, babbansu histamin. Shi ke sa jijiyoyin jini su buɗe, fata ta kumbura, ruwa ya tsiyayo, jijiyar atishawa ta motsa. Bayan wasu awanni wani ayarin ya sake zuwa, shi ya sa hanci kan toshe da dare alhali tun safe ka bar wurin ƙurar. Kuma unguwar da aka kwana ana ihun ɓarawo, ko kyanwa ce ta motsa sai an fito da gora: hancin da ya riga ya kumbura, ƙamshin turare ko iskar fanka ma ta ishe shi.

Kalmar alaji wani likitan yara a Biyana, Clemens von Pirquet, ya ƙirƙiro ta a 1906. Kafin shi, a 1873, wani likita a Manchesta mai suna Charles Blackley ya riƙa shafa wa kansa garin fure a hanci da fata har ya tabbatar shi ne ke tayar masa da ciwon. Mu kuma harshenmu ya riga ya ajiye nasa binciken: sunan da muke kiran abin da ke tashi idan ana sussukar gero da shiƙa, shi ne dai sunan abin da yake sa jiki, ƙaiƙayi.

Yawancin shawarwarin da ke yawo a intanet an rubuta su ne don ƙasashen da damuwarsu furen bishiyoyi ne bayan ƙanƙara ta narke. Kalandarmu daban ce. Hazon hunturu, daga ƙarshen Nuwamba zuwa wajen Maris, mafi yawansa daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin Chadi, inda wani makeken tafki ya ƙafe dubban shekaru da suka wuce ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari. Iska na matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashe ta, har wani kason ya tsallake teku ya sauka a dajin Amazon. Namu rabon shi ne wanda ke sa a soke tashin jirage a filin jirgin Malam Aminu Kano. Wannan ƙura ita kanta ƙasa ce, ta fi yin aikin gurzar hanci da huhu, amma ba ita kaɗai take tafe ba: ta haɗu da hayaƙin janareta da na adaidaita da na bolar da ake ƙonawa da yamma da wutar jin ɗumi, a lokacin da laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Ga mai alaji, wannan ihu ne a unguwar da ba ta yi barci ba.

Wani kuma hunturu lafiya lau yake, damina ce ajalinsa. A watan Agusta, lokacin marka, bango kan jiƙe, funfuna ta fito bayan wadirof da ƙarƙashin kafet, tana sakin ƙwayoyinta a iska. A cikin katifa da filo kuma akwai wasu halittu 'yan mitsi-mitsi da ido ba ya gani, dangin kaska da gizo-gizo, da ke cin ɓawon fatar da muke zubarwa. Ba sa shan ruwa, daga laimar iska suke tsotsa, don haka damina ce kakarsu, kashinsu kuma yana cikin manyan masu tayar da alaji a duniya. Kyankyaso ma haka. Daga ƙarshen damina zuwa kaka sai ciyawa da gero da dawa su yi fure, sannan a shiga girbi da casa, buhuna su fara sauka a Dawanau. Saboda haka abu na farko da zan ce wa mai wannan lalura, kafin ya sayi ko kwalba ɗaya ta wani abu, ya samu ɗan littafi ya riƙa rubuta wata da wuri da lokacin da abin ke tashi. Mai buɗe dila a Kantin Kwari, da mai auna hatsi a Dawanau, da matar da atishawarta ke farawa da zarar ta kwanta, ba abokin gaba ɗaya gare su ba.

Mu idan an ce maganin gida, tunaninmu kan tafi ga abin da za a tafasa a sha. Ni kuwa abin da na gani a jikina, kuma wanda binciken likitoci ya fi mara wa baya, shi ne faɗan nan a bakin ƙofa ake yin sa. Abin da ka hana shiga hanci da abin da ka wanke ka fitar, sun fi abin da ka aika ciki ta baki tasiri. Mafi arha a cikinsu ruwan gishiri.

Ga yadda nake yi. In tafasa ruwa rabin lita, wato cikin ledar fiya wata ɗaya, in bar shi ya huce ya koma ɗumin jiki, in zuba gishirin girki cokalin shayi ɗaya a shafe, ba a tule ba. Wannan ya yi kusa da gishirin da ke cikin ruwan jikin mutum, kimanin giram 9 a lita. In ɗauki babban sirinji marar allura, in sunkuya kan baho, in karkata kai, baki a buɗe ina numfashi ta nan, in tura ruwan a hankali ta kafar hancin da ke sama. Ya zaga ya fito ta ɗayar. Ranar farko da na yi bayan dawowa daga kasuwa, abin da ya zubo a farin baho kalar kunun kanwa ne. Sai in juya ɗaya gefen, in fyace a hankali ba da ƙarfi ba, don kada ya tafi kunne. In ya yi raɗaɗi, gishirin ne ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Abin da ya rage ba ya kwana biyu, gobe sabo ake haɗawa, sirinjin kuma a wanke a shanya, kowa da nasa. Jarirai da ƙananan yara ba a yi musu haka, akwai ruwan gishiri na ɗigawa da ake sayarwa a kemis.

Mahaifiyata da ta gan ni ina wannan aiki sai ta yi dariya. "Yo wannan ai alwala ce ka ƙara mata gishiri." Na ce, "Haka ne, Hajiya." Kuma gaskiyarta. Shaƙa ruwa da fyacewa sau uku-uku a kowace alwala, wanda ya yi shi da kyau ba shafa ruwa a kan hanci kawai ba, ya wanke ƙura mai yawa a yini. Hadisin Laƙiɗu ɗan Sabira ya ce a kai matuƙa wajen shaƙa ruwa sai dai idan ana azumi, kuma tunda a 'yan shekarun nan Ramadan na ƙara matsowa cikin hunturu, wankin sirinji sai a bar shi bayan shan ruwa ko kafin sahur ya fita. Bambancin shi ne ruwa zalla yana yi wa hancin da ya kumbura zafi, ruwan gishiri ba ya yi, kuma sirinji na kai ruwa can ciki inda tafin hannu ba ya kaiwa. Wannan zurfin ne ya sa tafasawa ta zama dole. Akwai wata halitta mai suna Naegleria da ke rayuwa a ruwan ɗumi marar magani, in aka sha ta ba ta komai, in ta bi ta hanci tana iya kaiwa ƙwaƙwalwa, kuma da wuya wanda ta kama ya tashi. Ba kasafai take faruwa ba, amma ta kashe mutane a Karachi, ta kuma kashe mutum biyu a jihar Luwiziyana ta Amurka a 2011 waɗanda suka wanke hanci da ruwan famfo. Mu da ke sayen ruwa a jarka daga 'yan garuwa, ko muke sha daga tankin da ya shekara ba a wanke ba, tafasawar minti kaɗan ba ta da tsada.

Man kaɗanya shi ma yana da gurbi. A 1979 wani masani a Jami'ar Legas, A. Tella, ya wallafa ɗan ƙaramin gwaji da ya nuna man kaɗanya na sassauta toshewar hanci. Gwajin ƙarami ne ƙwarai, ba za a gina gida a kansa ba, amma ɗan shafa shi a bakin kafar hanci kafin fita yana hana tsagewa da haɓo, yana kuma cafke wani abu daga cikin ƙurar. A bakin ƙofa kawai. Cusa mai can ciki ko ɗiga shi, musamman ga yaro ko wanda zai kwanta, yana iya gangarawa huhu ya zauna.

Sauran duk kakanninmu sun riga mu. Buzu bai rufe hanci da baki don ado kaɗai ba, amawali ma haka. Takunkumin da korona ta koya mana a 2020, na asibiti yana tare garin fure da manyan ɓurɓushi, amma hazo mai laushi sai irin N95 da ya kama fuska sosai, kuma mai aiki a wurin casa ko cikin dila shi ya fi kowa bukatarsa. Yayyafa ruwa kafin shara ba tsohon yayi ba ne, kuma tsumma mai laima ya fi kaɗe kujera da busasshen tawul, wanda ke tashin ƙurar ta yi yawo ta dawo. Mai alaji kada ya zama shi ne mai shara, in ya zama dole ya rufe fuska. Idan ka dawo gida ka cire rigar waje kafin ka zauna a gado, ka wanke fuska da gemu. Zanin gado a wanke duk mako, in da hali da ruwan zafi, don zafin da ya kai digiri 60 yana kashe 'yan halittun nan. Katifa da filo a fitar da su rana. Kafet ɗin ɗakin kwana kuwa, wanda aka shimfiɗa tun ranar jere, a ganina ya kamata a yi masa ritaya a koma leda ko tayil.

To, ina zuma da habbatus sauda da citta? Ba na cikin masu raina su, amma kowanne a ajiye shi inda ya dace. An yaɗa cewa shan zumar yankinku yana sabar wa jiki da furen yankin. Matsalar ita ce ƙudan zuma na bin furanni masu kala da ƙamshi, wanda garinsu nauyi gare shi ba ya tashi a iska, masu sa atishawa kuwa irin su ciyawa ne da iska ke ɗaukar garinsu. Gwajin da aka yi a Jami'ar Konetikat a 2002 bai ga bambanci tsakanin masu shan zuma da masu shan ruwan zaƙi ba. Wani a Maleshiya a 2013 ya ga sauƙi, amma zuma mai yawa aka ba su, giram ɗaya ga kowane kilo na nauyin jiki kullum, kuma tare da maganin asibiti. Inda zuma ta fi tabbata shi ne lallashin tari da maƙogwaro. Mai ciwon suga ya yi hattara, jaririn da bai cika shekara ba kuma ba a ba shi ita ko ɗigo, saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna. Habbatus sauda tana da matsayinta a hadisi, kuma ƙananan gwaje-gwaje sun nuna tana rage ƙaiƙayi da toshewa ga wasu. Citta ma an gwada ta a Tailan a 2020, aka kwatanta ta da loratadin, wani maganin alaji na asibiti, aka ga sun yi kusa, sai dai tataccen sinadarinta ne aka auna a kafso, ba yankan da mai shayi ke jefawa a buta ba. Ka sha su, su taimaka, amma wanda ya sha man habba ya koma ya kwanta kan filon da ya shekara biyar bai ga rana ba, ya san abin da zai tarar da asuba.

Sirace da ganyen darbejiya ko na lemon tsami yana jiƙa hancin da ya bushe, a ji daɗi na ɗan lokaci. Haɗarinsa tukunyar ce, yara da yawa sun ƙone a ƙarƙashin bargo, don haka ba na yi wa yaro. Man zafi mai mentol ba ya buɗe hanci, jijiyar jin sanyi yake taɓawa sai ka ji kamar iska na wucewa. Ba laifi ga babba, amma mai kafur ba a shafa wa jariri shi. Cusa tafarnuwa a hanci da aka riƙa yi a TikTok kuwa, majinar da ke zubowa bayan an cire ta ba tsohuwa ba ce, sabuwa ce da hancin ya yi don kare kansa daga ƙuna.

Na taɓa gudun gara na faɗa gidan zago. Wani hunturu wani mai kemis a unguwarmu ya ba ni maganin ɗigawa a hanci, cikin minti biyar na ji kamar an buɗe taga. Bai gaya mini irin wannan ba a wuce kwana uku zuwa biyar da shi ba, ni ma ban karanta takardar ba. Bayan wata biyu kwalbar na aljihuna har masallaci, in awa huɗu ta wuce ban ɗiga ba hancin ya toshe fiye da da. Sai da likita ya raba ni da ita, na yi kusan mako biyu ina barci baki buɗe. Shi ne ya rubuta mini wani maganin fesawa na daban, mai rage kumburi, wanda ba ya aiki nan take sai an yi kwanaki ana fesawa, ya ce in riƙa wanke hancin da ruwan gishiri kafin in fesa don maganin ya samu fata ba majina ba. Na gida da na asibiti ashe ba kishiyoyi ba ne. Haka Piriton, yana aiki, amma yana sa barci, direba da mai aiki da inji gara su tambayi irin su loratadin. Antibayotik kuwa ba ya komai a duk murar nan uku. Haɗin gargajiyar da ba a rubuta abin da ke ciki ba, wanda ke ɗauke ciwo cikin dare ɗaya ya kuma buɗe ciki fuska ta fara cika, abin zargi ne, don an sha samun irinsu a ƙasashe da dama an zuba musu sitiroid a ɓoye, wato wani magani mai ƙarfi da ke yin illa in an daɗe ana amfani da shi.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne idon yara. Ka duba 'yan makarantar allo ko na firamare lokacin zafi da ƙura, za ka ga wasu farin idonsu ya koma ruwan ƙasa, suna murza shi da bayan hannu, ba sa son haske. Sau da yawa alaji ce ta ido, ba apolo ba, kuma yawanci tana raguwa idan yaro ya balaga. Abin da gida zai iya shi ne tsumma mai tsabta da ruwan sanyi a ɗora kan ido a rufe, a wanke fuska in an dawo daga wasa, a yanke farce, a ajiye kwalli. Ruwan suga da lemon tsami da nonon uwa ba su da aiki a cikin ido. Mafi muni shi ne maganin ɗigawa mai sitiroid da ake saya ba takardar likita: yana ɗauke ƙaiƙayin kamar yankan wuƙa, uwa ta ji daɗi ta riƙa saye wata da watanni, a hankali ya jawo hawan jinin ido ko yana, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Garin da ke da asibitin ido na ECWA da na Makka da sashen ido na asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, yaro bai kamata ya rasa gani saboda ƙaiƙayi ba. Haka wanda atishawarsa ta gangara ƙirji, numfashi na fita da ƙara kamar usur, ko tari na tashinsa tsakar dare, wannan ya wuce sirace, maganar asma ce da inhela. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya a lokacin rani kuma ba a jira gari ya waye.

Abu ɗaya ne har yau ban gama da shi ba a gidana, turaren wuta. Na yi bayanin histamin, na kawo misalin 'yan sintiri, uwargida ta saurare ni tsaf sannan ta ce, "Abban yara, gidan da ba turare ai shago ne." Mun daidaita a kan kasko ya riƙa zagawa da la'asar, taga a buɗe, lokacin ina majalisa, kuma ba ya shiga ɗakin kwana, labule da zanin gadon ɗakin ma an ɗauke musu. Maganin sauro na ƙonawa mun maye gurbinsa da gidan sauro ba gardama. Ranar Juma'a da ranar da 'yan uwanta za su zo ne ba a cikin yarjejeniyar, ranakun nan tun azahar nake tafasa ruwan gishirina in ajiye a filas.